Tauren da Na Yanka da Hannuna

Yalwawa, Dutse
Washegarin Kirsimeti, da hantsi

Zuwa ga matata Saratu,

Gaisuwa mai yawa daga gidanki. Hannu ya saba, har na fara rubuta cewa ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, sai na tsaya na soke. A ina za ta same ki? Na san ba za ki karanta ba. Ko da kina nan ma ba karantawa za ki yi ba, miƙo mini za ki yi ki ce tabaraunki ya ɓata, in karanta miki kina tsinkar zogale kina gyara mini magana. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya, kuma shekara talatin da huɗu ban saba kai irin wannan magana wurin kowa ba sai ke.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ki fara tambaya. Wata huɗu ke nan da muka kai ki. Geron da kika bari ya yi ciki a 'yar gonarmu ta hanyar Kiyawa an girbe shi, ya yi kyau. Waken ne bai yi ba, ƙwari suka riga mu. Ɗanmu Dauda bai samu zuwa Kirsimeti ba, wurin aiki ba su sake shi ba, ya dai kira a waya yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi. 'Yarmu Rahila ta zo daga Kano kwana uku kafin bikin, ta share ɗakinki, ta wanke labule, ta shiga kicin ta tsaya a daidai inda kike tsayawa. In ta juya baya ba na iya kallonta.

Kajinki suna nan, saura biyar. Tun ranar da kika tafi ban bar kowa ya taɓa ko ɗaya ba. Matan zumunta na cocinmu da suka zo zaman makoki sun so su kama biyu su yi wa baƙi miya, na hana, har suka riƙa kallon juna. Jar nan mai ɗingishi kullum da safe sai ta zo ƙofar kicin ta tsaya tana leƙe. Ni da nake jifan su da takalmi in sun hau mini tabarma, yanzu ni ne mai watsa musu tsaba ina kiran su da irin kiranki. Na san da kin gani sai kin yi dariya har kin riƙe ciki.

Na gaji, Saratu. Ba irin gajiyar da nake dawowa da ita daga ƙauyukan Buji lokacin ina malamin gona ba, wadda ruwan zafi da tuwo suke kashewa. Wannan da ita nake kwanciya, da ita nake tashi. Mutane su ce ya haƙuri, in ce da godiya. Su ce kin huta, in ce haka ne. Na faɗi kalmomin nan har sun daina yi mini ɗanɗano a baki. Da watan Disamba ya kama, aka fara koyon waƙoƙi a coci da yamma, na ji da ma a tsallake watan nan gaba ɗaya a faɗa Janairu.

Yanzu ga maganar. Kin san tun shekarar da muka tare a unguwar nan, shekara talatin da ɗaya ke nan, ba a taɓa yanka dabbar Kirsimeti a gidan nan da hannuna ba. Malam Buba maƙwabcinmu ne yake yankawa, don gidajen Musulmi tara da kike kai wa abinci su ci hankalinsu kwance. Ranar jajibere da safe sai mu ji ƙarar wasa wuƙa a kan dutsen nan da ke gindin darbejiyarsa, ta bayan katanga. Ke kuwa ki ce mini in tashi in haƙa rami, Kirsimeti ta iso. Ya shigo da wuƙarsa naɗe cikin tsumma, ya juya dabbar ta fuskanci gabas, ya ambaci sunan Allah, ni ina riƙe da ƙafafu. Kowace shekara sai ya tsokane ni cewa kaɗo bai iya riƙe dabba ba, ni kuma in ce Bafulatani bai san zafin sayen ta ba tunda tasa a daji take haihuwa. Ki ware masa wuya, haƙƙin mai yanka. Washegari bayan sujada ki jera kuloli a tabarma, ke da Rahila ku bi gida-gida.

Kin san ina gunaguni a kan wannan. Abin da ba ki sani ba shi ne zurfinsa. A ƙauyenmu babana da hannunsa yake yanka dabbarsa, ba ya jiran kowa. Ni kuwa ga wuƙa a gidana, ga hannu Allah ya ba ni, amma sai in tsaya kamar baƙo a tsakar gidana ina jiran wani. A raina ina ganin kamar kowace shekara muna sa hannu ne cewa hannunmu ba shi da tsarki. Ban taɓa faɗa miki haka ƙarara ba, don na san amsar da za ki ba ni.

Amsarki ɗaya ce kullum. Ki ce wanda muke murnar haihuwarsa bai zauna a sama ya aiko cewa mu hawo mu same shi ba. Shi ya sauko, ya zo ta hanyar da za mu iya karɓarsa, jariri mai neman nono, aka kwantar da shi inda dabbobi ke cin abinci, don ko makiyayi mai kashin shanu a ƙafa ya iya shiga ya gan shi ba tare da jin kunya ba. Ki ce in Ubangiji ya sauke girmansa haka don mu iya karɓarsa, wane ne Bitrus da zai ƙi ajiye wuƙa don maƙwabci ya iya cin shinkafa? Ni kuwa in ce kin fi fasto wa'azi, a ba ki bagaden coci mu huta. Da wasa nake rufe zancen, amma ban yarda ba.

Ba wai na manta ko wane ne Malam Buba ba. Shekarar da gari ya ɗauki zafi, ana ta jita-jita, 'yan cocinmu da yawa suka kwashe iyali suka bar gari, shi ne ya ɗauko bencinsa da rediyonsa ya zauna a ƙofar gidanmu yini guda, kamar mai shan iska. Ranar da aka binne ki bai shiga coci ba, amma ya tsaya a rana a waje har aka gama, ya bi mu maƙabarta, ya karɓi shebur daga hannun Dauda. Duk na san wannan. Shi ya sa abin da na yi ya fi muni.

Bana na so in ce ba za a yi komai ba. Rahila ta ce ba za a fara mutuwar al'adarki a shekarar mutuwarki ba. Na je kasuwar Shuwarin na sayo taure baƙi, na ɗaure shi a gindin zogale. Malam Buba ya leƙo ya duba haƙoransa, ya ce ba laifi, kaɗo ya fara koyo. Sannan ya faɗa mini cewa ranar jajibere da asuba zai je Buji, wata saniyarsa da ke wurin ƙaninsa ba ta da lafiya, amma kafin azahar ya dawo.

Ranar da safe ban ji wasa wuƙa ba, na kuma san dalili, amma shirun ya dame ni. Rahila ta hau adaidaita ta tafi markaɗe, daga can za ta wuce coci taya mata shara da ado. Aka bar ni da tauren. Kuka yake yi, Saratu, kuka ba ƙaƙƙautawa, kamar ana zare mini jijiya a ka. Na haƙa rami. Na zauna. Na tashi na leƙa waje. Rana ta take tsaka, aka kira azahar, aka idar, babu Malam Buba. Na waiwaya ƙofar kicin don in yi miki ƙorafi, ki ce in ƙara haƙuri. Babu kowa sai jar kaza.

A nan ne raina ya ɓaci, kuma gaskiya ba da shi nake fushi ba. Da ke nake. Me ya sa za ki tafi ki bar ni da dokokinki? Ke kin huta, ni ina nan ina jiran wani a cikin rana saboda maganar da ban ma taɓa yarda da ita ba? Na shiga ɗaki na ɗauko wuƙata. Na ɗaure ƙafafun da igiya, na danne shi da gwiwa, na yi addu'a irin tamu, na yanka. Kafin ki ƙirga ɗari an gama.

Shekara talatin da ɗaya ina tsammanin ranar da na yi haka zan ji ni maigida ne. Ban ji komai ba. Tsoho ne kawai tsugune a bakin rami, jini ya ɓata masa wando, yana haki.

Rahila ta dawo ta tarar na feɗe na fara yayyankawa. Ta tambaya ko Baba Buba ya zo. Na ce mata an gama. Ta yi godiya ga Allah ta shige kicin. Kin gani, ban ce ya zo ba. Har ina yaba wa kaina cewa ban yi ƙarya ba.

Bayan la'asar sai ga sallamarsa. Ko gida bai shiga ya sha ruwa ba, wuƙar kawai ya ɗauko. Ya tsaya yana ba ni haƙuri, babur ne ya yi faci a hanya, shi da mai babur ɗin suka tura shi da nisa, ko wasa wuƙar bai samu yi ba amma za ta ci. Na tare ƙofa da jikina. Na ce masa kada ya damu, da na ga rana tana yi na kira wani mahauci daga bakin titi ya yanka. Haka maganar ta fito, sumul, kamar na daɗe da shirya ta. Ya ce alhamdu lillahi, tunda aiki ya yiwu. Ya dubi wuƙar da ke hannunsa, ya maƙale ta a hammata. Ya tambaya da dariya ko mahaucin ya tafi masa da wuyansa, na ce wuyansa na nan. Muka yi dariya tare. Na bi bayansa da kallo, sai a ranar na lura ya fara ranƙwafawa.

Jiya muka je sujada. Coci ya cika, kowa da sabon ɗinki. Matan zumunta sun fito da anko, sun buga tulu da kacau-kacau sun yi waƙa, wata ta zauna a wurinki kusa da taga. Ba laifinta ba ne, benci ba ya zama a banza. Fasto ya karanta labarin da nake ji tun ina yaro, Maryamu da Yusufu, garin da babu masauki, makiyaya a fili. Kowa yana barka da Kirsimeti, ana cewa ranar farin ciki ce. Ni ina zaune ina tambayar kaina: wane farin ciki ne ga mutumin da matarsa ke cikin ƙasa? Me haihuwar jariri a wata ƙasa mai nisa za ta yi wa ɗakin da babu kowa a ciki?

Ba zan ce miki na ji wa'azin ba, rabinsa ya wuce ni. Abin da ya same ni a zaune ya same ni. Na tuna cewa jaririn nan da jiki irin nawa ya zo, jikin da ke gajiya, mai jin yunwa, wanda daga baya ya tsaya a bakin kabarin abokinsa ya yi kuka. Tun ina yaro na san wannan da ka, jiya ne na fara bukatarsa. In da gaske ne Allah ya shigo cikin irin wannan jiki, to ya san abin da nake ji in na farka na miƙa hannu na taɓa wurinki. Ban ji farin ciki ba, kada in yi miki ƙarya ke ma. Na dai ji ba ni kaɗai ba ne a kan bencin.

Kuma a nan ɗin ne abin ya juyo kaina. Mu muke cewa a wannan rana Mai gaskiya ya ɗauki jiki ya zauna a cikin mutane. Ni kuwa in an tashi zan je in lulluɓe ƙarya da shinkafa, in aika da ita gida tara da sunansa. Shi ya ajiye sama duka ya zo. Ni awa biyu aka ce in jira.

Muka dawo gida. Rahila ta jera kuloli a tabarma yadda kike yi, ta san na kowane gida da launinsa. Babbar samirar nan mai jajayen furanni ta gidan Malam Buba ce, ta ɗora wuyan a sama. Ina zaune ina kallo, zuciya tana ce mini wa zai sani? Nama nama ne, ɗanɗano ɗaya. Za su ci su sa albarka, shekara ta zagayo a kira Malam Buba, magana ta mutu. Wa zai sani, Saratu? Ni, da ke, da mai ranar.

Ta sunkuya za ta ɗauki samirar, na ce ta ajiye. Na faɗa mata duka. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Kallon nan naki ta yi mini, wanda kike yi in na dawo na ce mai ya ƙare a babur alhali hira na tsaya. Sannan ta fara juye abincin cikin tukunya, kula bayan kula. Daga baya ta kai wa gwaurayen cocinmu da tsofaffi, ta kuma bi sauran gidaje takwas ta faɗa musu an samu kuskure a yankan bana, su yi haƙuri sai gobe. Gidan Malam Buba ta ce wannan nawa ne.

Na fita hannu biyu babu komai. Tsakanin ƙofarmu da tasa taku nawa ne? Ban taɓa jin nisan wuri kamar jiya ba. Yana zaune a tabarma gindin darbejiya, ya ga hannuna, ya leƙa bayana ko Rahila na tafe. A wurinsa na ji cewa Inna Hajjo, matarsa, ba ta ɗora tukunyar rana ba. Ashe duk shekarun nan ba ta girki ranar Kirsimeti, shinkafarki suke jira. Kin san da haka? Ba ki taɓa faɗa mini ba.

Na tsuguna na faɗa masa babu wani mahauci, ni na yanka, kuma na dube shi ido da ido na yi masa ƙarya. Ya ci gaba da jan carbinsa. Da ya buɗe baki, ba faɗa ya yi ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce a cikin malamansu akwai masu ganin yankan irinmu ya halatta, akwai masu kaffa-kaffa, kuma da na faɗa masa gaskiya a ƙofa da kowa ya san abin da zai yi. Ya ce shekara talatin da ɗaya bai taɓa tambayar me ke cikin tukunyar Maman Dauda ba, ko sau ɗaya, kuma bai taɓa barin wani a unguwar nan ya tambaya a gabansa ba. Ya ce yanzu in an kawo, zai ji tambayar ta taso masa, kuma ba ya son ta. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Wannan ne abin da kika gina, ni ina ganin shinkafa ce kawai. Na rushe shi tsakanin azahar da la'asar.

Kafin in tashi na roƙe shi abu ɗaya. Na ce akwai kajinki, in zai zo da safe ya yanka uku, a sake dafawa, a kai wa kowa ko tsoka ɗaya-ɗaya ce. Ya san ban bar kowa ya taɓa su ba, don ta kan katanga yana jin ina kiran su. Ya dube ni, ya ce in sha Allahu, ya ɗauki butarsa ya shiga gida. Kin san in sha Allahun mutanenmu iri biyu ce, akwai ta zuwa, akwai ta sallama. Ban gane wacce ya ba ni ba.

To ga ni nan. Tun da gari ya waye na kama su na ɗaure, har da jar. Ita ba ta ma gudu ba, zuwa ta yi da kanta tana tsammanin tsaba. Ki yafe mini wannan, ko kuwa ke ce za ki fara cewa a kama ta? Na haƙa sabon rami ta gabas. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye ruwa a buta. Rahila ta wanke shinkafa ta rufe, ba ta kunna wuta ba. Wuƙata na ba ta na ce ta kulle a akwatinki. Na ɗauko takardar nan ne don hannuna ya samu abin yi, kada in tashi in yi ta leƙen ƙofa.

In bai zo da hantsi ba, zan jira azahar. In bai zo ba, zan jira la'asar. In bana ba ta yiwu ba, baɗi zan sake sayo taure in je in yi masa sallama. Fasto yakan ce mutanen da suka jira zuwan Mai Ceto sun tsufa suna jira, wasu sun mutu ba su gani ba. Ni ma zan koya, ko da yake na makara. Kin yi gaskiya, Saratu. Ga ta nan na rubuta da hannuna, tunda ban iya faɗa miki da baki ba lokacin da kike da kunnen ji.

Bari in tsaya haka. Rahila ta fito daga kicin ta tsaya cik da ludayi a hannu, tana nuna mini katanga. Ni ma na ji. Ana wasa wuƙa a kan dutse, a hankali, irin wasan mutumin da ba ya sauri. Ban sani ba ko don kajinki ne, ko wani aikin gabansa ne. Zan sa hula in je in tsaya a ƙofa.

Ki huta a wurin Ubangijinki, sai na iso.

Naki, mai gardamar nan,
Bitrus